Farin tabon da ke gefen hagu

"Ba ta nan ba, ɗana. Zagayo ta hagu."

Jiya kenan a kasuwar dabbobi ta Dakoro. Tun da na gama jami'a nake yawon ɗaukar hotuna a gari, kuma ba na ɗauka sai na nemi izini. Wani dattijo makiyayi daga Azagor ya yarda in ɗauki saniyar da ya kawo sayarwa, amma ban da shi.

Na ce, "Baba, ta can rana za ta haske ni, hoton zai yi duhu."

Ya shafa wani farin tabo a haƙarƙarinta. "Wannan tun daga saniyar kakan kakana yake, kafin zuwan Nasara. Ita kaɗai ta rage mai shi. Gida kuma ba hatsi."

Na zagaya na ɗauka. Hoton ya yi duhu, amma tabon ya fito.

Ba shi da waya, sai ya ce in riƙe masa a wurina. Kafin la'asar wani ya ja ta ya tafi.

Masu kiwo, da gaske tabo yana bin jini har haka? Ina so in tabbatar kafin in rubuta komai a ƙasan hoton.