Ɗan Zangon da Ya Koyi Japananci

A shekarar da korona ta kulle duniya, kamfanin gas ɗin da nake wa aiki a Doha ya daina kwasarmu a babbar bas. Aka ce cunkoso ne ke yaɗa cutar, sai aka raba mu bibbiyu a ƙananan motoci. Ni rabona ya faɗa kan wani injiniya Bajapane da muke sashe ɗaya, dattijo mai furfura a gefen kunne, wanda ko tari zai yi sai ya ba da haƙuri. Direbanmu kuwa ɗan Zangon Kumasi ne, dogo mai faɗin kafaɗa, yana kwana a unguwar Mu'aither su da yawa a ɗaki guda. Kullum da safe sai ya ɗauke ni a Madinat Khalifa, mu biya mu ɗauki Bajapanen, mu miƙa arewa zuwa ma'aikata.

Ranar da direban ya fara jin na amsa waya da Hausa, saura ƙiris ya hau gefen titi.

"Injiniya! Ashe kai namu ne!"

Daga ranar na yi sallama da barcin mota. Hausarsa ta Zango ce, irin wadda ba ruwanta da mace ko namiji, sai ka ji ya ce "uwata ya kira ni jiya". Ni Bazazzage, na yi ta gyara masa har na gaji, na ƙyale shi da uwarsa.

Bajapanen ba mai magana ba ne, amma kowace safiya yakan kira mahaifiyarsa a bidiyo, lokacin rana ta take a wajensu. Tsohuwa ce tukuf, ita kaɗai a wani ƙauye tsakanin duwatsu. Wata rana ya ajiye wayar, ya yi ajiyar zuciya a cikin takunkuminsa har gilashin idonsa ya yi hazo, sai ya ɓalle da magana da Turanci. Ya ce makarantar firamaren ƙauyen an rufe ta, babu yaran da za su shiga. Kantin da ke bakin hanya ya rufe. Wanda suke kira matashin gari ya daɗe da yin ritaya. Matar da ke zuwa yi wa mahaifiyarsa wanka ita ma da sanda take zuwa. Gidaje na nan birjik ba kowa a ciki, hukuma na neman wanda zai karɓa kusan kyauta. Birai da aladun daji suna shigowa lambu da rana tsaka, ba mai korarsu.

"Ba mu da mutane," in ji shi. "Ba a haihuwa. Ba masu aiki."

Na lura direban ya rage gudu. Da muka sauke Bajapanen da yamma, ya juyo gaba ɗaya ya dube ni.

"Injiniya, na ji daidai kuwa? Ƙasar da ya ƙera motan nan, shi ne ba shi da mutane?"

Na ce haka mutumin ya faɗa.

"Mu a layinmu na Zango, in ka watsa ruwan wanki ta taga sai ya jiƙa yara kafin ya taɓa ƙasa. Kuma a ce ana ba da gida kyauta?"

Ashe shi ya yi jinyar mahaifinsa shekaru, bayan ɓarin jikinsa ya shanye, har Allah ya karɓi abinsa. Aikin tsoho ba baƙo ba ne a wurinsa. Kafin mu iso Madinat Khalifa ya gama yanke shawara: Japan za shi.

Lokacin ba inda ake zuwa. Masallatai a rufe, kasuwa sai da dalili, ko'ina ka tsaya sai ka nuna wayarka ta yi kore, alamar ba ka da cutar. Abokan ɗakinsa suna kashe lokaci da ludo, shi kuwa ya sauko da darasin Japananci a waya ya duƙufa. Na shiga uku. Hanyar ma'aikata doguwa ce, kuma kafin mu ɗauki Bajapanen ni ne ɗalibi, ni ne mai jarrabawa, ni ne tsohuwar da ake tambaya ko ta ci abinci. Bai tsaya kan harshe ba, har rusunawarsu ya ɗauka. Ya rusuna wa mai zuba mai, ya rusuna wa mai shayin karak. A ƙofar ma'aikata akwai mai gadi ɗan Nepal da ke auna zafin jiki da na'ura a goshi. Duk sanda ya miƙo hannu sai goshin direban ya yi ƙasa, na'urar ta auna iska. Sai da aka buɗe masallatai wani dattijo ɗan Sudan ya ja shi gefe ya ce masa ruku'u na Allah ne shi kaɗai, sannan ya rage, ya koma gyaɗa kai da ɗan karya wuya.

Ya ɓoye wa Bajapanen har sai da ya ji bakinsa ya nuna. Wata safiya mutumin na buɗe ƙofa, direba ya sakar masa gaisuwa doguwa da Japananci. Bawan Allah ya daskare da ƙafa ɗaya a waje. Sai ya hau tafi, yana dariya, yana faɗin wata kalma da na fahimci yabo ce. Tun da na san shi ban taɓa jin dariyarsa ba sai ranar. Makonni suka yi ta haka, Bajapanen yana gyara masa lafazi, yana kawo masa alewar ƙasarsu mai ɗanɗanon ganyen shayi.

Sai direba ya ga ƙarfe ya yi zafi. Ya koma Turanci don kada a samu kuskure.

"Oga, ina so in je ƙasarku. Zan kula da Mama. Zan yi mata wanka, in ba ta abinci, in kori biran."

Bajapanen ya karkata kai gefe, ya ja iska ta tsakanin haƙoransa, sss, kamar wanda ya kurɓi shayi mai zafi.

"Da ɗan wuya," in ji shi.

Na yi aiki da Japanawa, na san wannan ita ce a'ar da ba ta da ɗaukaka ƙara. Direba kuwa wuya kawai ya ji, kuma mutumin da ya yi bazarar Doha a ɗakin da na'urar sanyayawarsa ke aiki sai ta ga dama, wuya ba ta ba shi tsoro.

"To gidajen da ba kowa fa, Oga? A ba ni ɗaya."

"Maƙwabta za su damu."

"Waɗanne maƙwabta? Ka ce duk sun mutu ko sun tafi."

"Waɗanda suka rage."

"Biran?"

Na toshe bakina da takunkumi. Bajapanen ya yi bayani cikin natsuwa, ba da mugunta ba, shi ya sa ma abin ya fi ciwo. Tsofaffi suna tsoron baƙo. Baƙi ba su iya rarraba shara ba, ga ranar kwalba, ga ranar takarda, ga ranar abin ƙonawa. Baƙi suna magana da ƙarfi a jirgin ƙasa. Kuma ai ana ƙera mutum-mutumin inji da zai riƙa ɗaga tsofaffi daga gado, ya ma nuna mana bidiyonsa: wani abu fari mai fuskar yara yana sungumar wata mata kamar buhun shinkafa, ita kuma ta ƙame tana murmushin dole.

Direba ya kalli bidiyon a wajen jan wuta, ya ce mini da Hausa, "Injiniya, wannan in wuta ya ɗauke fa?"

Na ce masa can ba Kumasi ba ce, ba kuma Zariya ba.

Ni dariyata ba ta da nisa, don a aljihuna akwai katin zama da ake sabuntawa da yardar kafil, wato ubangidan da ya tsaya mini. Sai dai mutanen Doha ba su ɓoye maka komai. Za su kawo ka, ka gina musu gari, ka tsufa, su ce khalas, yalla, ga hanyar filin jirgi. Japanawa kuwa, yadda na fahimta daga motar nan, hannu suke nema, amma ba sa so ya zo da mai shi.

Direba bai karaya ba. Japan ta rufe ƙofa ga baƙi saboda cutar, ya ce madalla, ƙarin lokacin karatu ne. Da aka fara sassautawa ya je wajen masu haɗa tafiye-tafiye ya yi tambaya. Suka ce jarrabawar aikin jinyar a wasu ƙasashen Asiya ake yin ta, ko kuma a cikin Japan ɗin kanta. Wato sai ka shiga tukuna, sannan a duba ko ka cancanci shiga. Ya dawo ya ba ni labari yana dariya, amma ranar bai kunna darasi ba.

Ana haka Gasar Kofin Duniya ta zo. Doha ta cika ta batse, titin bakin teku na Corniche ba wajen aje ƙafa. Bajapanen ya samo tikiti uku na wasan Japan da Jamus, ya gayyace mu. Direba ya zo da shuɗiyar riga da farin ƙyalle ɗaure a goshi mai jan ɗigo a tsakiya, ko tutar Ghana bai riƙo ba. Muka zauna cikin Japanawa. Da suka farke ƙwallon da aka zura musu, sannan suka ƙara ta biyu, muryarsa ce ta fi ta kowa a ɓangarenmu. Wani tsoho da ke gabanmu ya juyo ya rungume shi yana kuka.

Da aka tashi, sai suka fito da shuɗɗan ledoji suka hau tsintar shara, masu kyamara na biye da su. A can ƙasa ga masu shara na filin da tsintsiyoyinsu suna jiran a gama ɗaukar hoto su fara aiki. Direba ya karɓi leda ya shiga layi, yana ware roba daban, takarda daban, yana yi yana satar kallon Bajapanenmu don ya shaida. Nan da nan suka kewaye shi. Baƙar fata, ƙato, yana zuba Japananci. Wannan ta ɗauki hoto da shi, wancan ya ba shi tuta, wata budurwa mai makirufo ta tura masa a baki. Na ga ya gyara tsayuwa, na san jimlar da ya daɗe yana haddacewa a kaina ce za ta fito. Ya faɗe ta tsaf: yana son Japan, yana so ya zo ya yi aiki, ya kula da tsofaffi, ya zauna tare da su.

Murmushin bai bar fuskokinsu ba, ya dai tsaya cak a inda yake. Tsohon da ya rungume shi ya ce wani abu, saura suka gyaɗa kai da sauri, aka ƙara tafi, kowa ya koma kan ledarsa.

Na raɗa wa Bajapanen, "Me suka ce?"

Ya kalli takalminsa. "Sun ce ya zo lokacin da itatuwa ke fure. Akwai kyau sosai. Mako ɗaya ya isa ya ga komai."

A jirgin metiro na fara neman yadda zan sassauta masa maganar. Ya ɗaga mini hannu.

"Bari, Injiniya, na ji da kunnena. Amfanin koyon yare ke nan. In za a ƙi ka, ba ka bukatan tafinta."

Ya kwance ƙyallen goshin ya share gumi da shi. Da muka fito ya ce yunwa yake ji, muka tsaya muka ci shawarma, ya ci uku.

Bayan gasar da 'yan watanni mahaifiyar Bajapanen ta faɗi a banɗaki. Mai yi mata wanka ta riga ta ajiye aiki, gwiwa ta hana ta. Gidan kula da tsofaffi na garin da ke kusa ya ce gado akwai, ma'aikata ne babu. Wata yarinya 'yar Indonesiya da suke ji da ita ba ta ci jarrabawar zama ba, ta koma gida. Mutum-mutumin kuwa har lokacin yana cikin bidiyo. Sai injiniyan da ya fi kowa sanin injinan sashenmu ya ajiye aiki, ya koma ƙauye wanke tsohuwa da kansa. Mu muka kai shi filin jirgi. Ya rusuna wa direban ya daɗe bai ɗago ba, har motar baya ta fara danna mana hon.

Japanancin dai bai tafi a banza ba. Kamfani ya gano yana da direba mai jin harshen, aka mayar da shi ɗauko manyan baƙin da ke zuwa cinikin gas daga can. Ya samu ɗaki shi kaɗai, ni kuma aka mayar da ni bas. Ya ce duk wanda ya ɗauko sai ya tambaye shi a wane gari ya zauna a Japan, shi kuma ya ce Mu'aither, su gyaɗa kai kamar sun san wurin.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a Corniche ce, wata Juma'a bayan la'asar. Yana zaune yana kallon jiragen katako, abin sauraro a kunne, bakinsa na motsi. Na saurara, na ji ba irin wancan ba ne.

"Wannan kuma wane yare ne?"

"Koriya, Injiniya. An ce nasu ya fi na Japan lalacewa. Ko aure ba su yi."

"Su za su buɗe maka ƙofa?"

Ya ɗaga kafaɗa, ya matsa mini in zauna. "Zauna mana. Kai ne tsohon. Zan tambaye ka ko ka sha magani, ka ce a'a."