Masuncin da Kaka Ta Ƙi Hukuntawa

Kakata bandar kifi take yi a Gashuwa, don haka wutar da muke zagayewa bayan magariba ba ta jin ɗumi ba ce, ta aiki ce. Tana juya tarwaɗa, hayaƙi na korar mana sauro yana kuma sa mu hawaye, mu jikokinta biyar muna ture juna. Idan labari ya yi zafi sai ta manta da Hausa ta koma Badanci, harshenta na gado, sai mun ja zaninta ta dawo.

"Ga ta nan, ku matso kada ta wuce ku."

"Ta zo, kunnenmu na nan."

Akwai tatsuniya ɗaya da ba ta taɓa barina na zauna lafiya ba. Wani masunci ne, Gambo. Shekarar da ruwa ya ci ƙauyensu, shi ya yi ta sahu da kwale-kwale har ya kwashe kowa, tsofaffi da jarirai. Bayan wasu shekaru aka yi fari, kogi ya tsinke ya bar gurbi ɗaya. Wata safiya ya tarar da amininsa Buba, mai 'ya'ya bakwai, yana kwashe kifin da ke cikin tarkonsa. Gambo ya ɗaga filafilin tuƙi. Sau ɗaya ya buga. Shi ya ɗauko gawar, shi ya haƙa kabari, shi ya ciyar da marayun har suka girma.

"Sai me, Kaka?"

"Sai ya ci gaba da kamun kifinsa."

"Kada bai cinye shi ba?"

"Kada na da nasa aikin."

Na miƙe tsaye don haushi. "Ai mugu ne!"

Ba ta ko kalle ni ba. "To 'yar nan, ranar da ya tsamo mutane daga ruwa, muguntar tana ina? A gida ya baro ta?"

Na yi ta juya maganar nan kwana da kwanaki. Na so a ce mugu daban yake, ana gane shi tun daga nesa.

Yanzu ni malama ce a wata sakandare a Nguru. Bara na ba 'yan ajin ƙarshe aikin rubutu: me ke sa mutum ya cuci ɗan uwansa? Na ce ba wa'azi nake so ba, kowa ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji a ransa. Duk da haka wa'azin suka kawo. Miyagu marasa tarbiyya ne, marasa tsoron Allah, kuma kullum wasu ne can, ba mu ba.

Sai takardar Yagana, yarinya mai sanyin hali da ke zama a layin gaba. Rabin shafi ce. Ta ce ranar kasuwa an kama wani da zargin satar akuya, aka rufe shi da duka. Tana cikin taron. Ba ta taɓa shi ba, amma ta ji muryarta tana cewa a ƙara masa. Layin ƙarshe ya ce: "Abin da ya fi damuna, na ji daɗi a lokacin."

Na riƙe jan biro na rasa inda zan sa shi. Na tashi, na zauna, na sake karantawa.

Bayan an tashi ta tsaya a bakin ƙofa. "Malama, ni muguwa ce?"

Bakina ya so ya ce a'a, don ta tafi da sauƙi. Sai na gane abin da tsohuwar nan take yi mana gaban wutar banda. Da ta bar kada ya cinye Gambo, da mun tashi muna ganin mun fi shi, shi ke nan an gama. Ta hana mu wannan hutun da gangan.

"Ban sani ba, Yagana," na ce. "Amma a ajin nan ke kaɗai kika rubuta abin da na tambaya. Koma ki faro daga safiyar. Wa kika gaisar a hanya, me aka aike ki saye, daidai ina muryarki ta canja. Kada ki wanke kanki, kada kuma ki tsine wa kanki. Ki duba kawai."

Ta kawo shafi huɗu. Har asibiti ta je ta tambayi labarin mutumin, aka ce ya rayu amma ido ɗaya ya tafi. Ta rubuta wannan ma.

Ranar na ga bai dace in nemi yara su yi abin da ni ban taɓa yi ba. Na zauna a ofishin malamai na ɗauki takarda. Shafi biyu na cika da zancen halin ɗan Adam, kalmomi masu kyau, kafin hannuna ya yarda ya rubuta sunan ɗalibar da na mara ranar Talata, ba don laifinta ya kai ba, sai don na fito daga gida da fushi.