Sunansa Malam Habu, Ba Malam Tazarce Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina buɗe shago ƙanena ya kira ni, wai Malam Habu Isiyaku na Gyaɗi-Gyaɗi ya rasu. Na zauna a dakali da kwaɗon shagon a hannuna.

Shi ya koya mana tarihi a sakandare. In ya gan ka kana tafe a ƙasa ka makara, sai ya tsayar da tsohuwar Besfarsa ya ce ka hau, yana yi maka faɗa har ƙofar makaranta. Ranar ɗaurin aurena babana yana kwance a asibiti, Malam ne ya karɓar mini auren.

An ce kada a yi fushi ranar mutuwa. Ku yi haƙuri, ni yau a fusace nake.

Bayan sojoji sun koma bariki, aka fara maganar kiran babban taro don gyara tsarin mulki. Malam ya ɗauki abin nan kamar nasa. Kullum da la'asar a majalisar ƙofar gidansa sai ya ce sojoji ne suka rubuta takardar nan suka ce mu muka rubuta, alhali shi ko sallama ba a yi masa ba. Ni kuwa tsoro nake ji. Na ce masa in aka buɗe ta, kowa da abin da zai cusa, mai son tazarce ya zo, mai son a raba ƙasa ya zo. Ya yarda akwai wannan haɗarin, amma ya ce in mun ƙi zuwa, su ɗin ba za su fasa zuwa ba.

Abu ɗaya yake son faɗa. Maƙwabciyarsa Maman Chidi, a layin nan ta haifi 'ya'yanta duka, Hausarsu ta fi tawa. Amma da Chidi ya tashi neman makaranta aka ce ba ɗan jiha ba ne, ya tafi ƙauyen kakansa da bai taɓa gani ba ya karɓo shaida. Malam yana so a rubuta cewa inda aka haife ka ka girma, nan ne garinku. Shi ke nan fa.

Sai aka shirya zaman jin ra'ayin jama'a a wani ɗakin taro a Tarauni. Wanda ya shirya ɗan ajinmu ne, ya shiga siyasa ana ce masa Honarabul. Ba zan kama sunansa ba, ya san kansa. Ya hau Besfar nan fiye da ni.

Shi ya zo har gida ya durƙusa ya gayyaci Malam.

Ranar, Malam ya sa farar babbar rigarsa ta Juma'a. Aka zaunar da shi a babban tebur, Honarabul ya ce ba za a fara ba sai malaminsa ya buɗe taro da addu'a. Kun san dattijon Kano, a ce ya yi addu'a ya ce a'a? Ya ɗaga hannu ya roƙi Allah Ya sa albarka a abin da za a tattauna, muka shafa.

Ba a tattauna komai ba. Wani ya miƙe ya karanto abin da wai mutanen Tarauni suka amince da shi, a ciki har da ƙara wa masu mulki wa'adi. Malam ya ɗaga hannu zai yi magana. Ina nan, da kunnena na ji Honarabul ya ce a lasifika, yana murmushi:

"Ai Malam ya riga ya yi nasa, ya sa mana albarka."

Aka yi tafi, aka tashi.

Washegari aka ji a rediyo wai dattawan unguwa irin su Malam Habu sun sa wa tazarce albarka. Wallahi kafin sati majalisarsa ta watse. Ya bi mutane yana bayani, suna cewa to ba kai ka yi addu'ar ba? Daga nan aka laƙaba masa Malam Tazarce. Tazarcen ya mutu, maganar Chidi ba wanda ya ji ta, sunan kuwa ya zauna daram.

Satin da ya wuce na je duba shi. Na ce wa mai adaidaita ya kai ni gidan Malam Habu, ya ce bai sani ba. Da na kwatanta sai ya ce, au, gidan Malam Tazarce. Yaron ko haihuwarsa ba lallai an yi ba lokacin.

Na tarar da Malam a zaure, ya rame ƙwarai. Na ba shi labarin an sake tado da maganar taron gyaran tsarin mulki, ina jiran ya ce Allah Ya kiyaye. Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"A kira mana, ɗana. Amma ku je da yawa. In aka ce a buɗe da addu'a, ku ce sai an gama magana."

Na tambaye shi ko ya yafe wa mutumin. Ya ce ai bai taɓa zuwa ya nema ba.

To Honarabul, na san za ka zo ta'aziyya da jerin motoci da mai ɗaukar hoto. Zo. Ina kan tabarmar farko, Chidi yana gefena, tun asuba yake gidan yana kuka. Ba zan ba ka hannu ba. Kuma idan wani ya ce Honarabul ya yi mana addu'a, zan miƙe a gaban kowa in faɗi abin da ka yi da addu'ar mamacin. Malam mai kunya ne, ni ba ni da ita a kanka. Allah Ya isa tsakaninka da shi. Allah Ya sa ka ɗanɗani zama a ƙofar gida ba mai yi maka sallama.

Ya Allah Ka jiƙan Malam, Ka haskaka kabarinsa, Ka wanke shi a can tun da mu mun kasa wanke shi a nan. Ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. Ku mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni kuma, in za ku yi, ku kira shi da sunan da ubansa ya raɗa masa: Habu Isiyaku.