Yatsun Anti Tafireta

Shekara ashirin da takwas Anti Tafireta ta yi a ofishin makarantar nan, a kan tebur ɗaya, jikin tagar da ba ta rufuwa sai an doke ta. Da tafireta ta fara aiki, shi ya sa sunan ya bi ta. A zamaninta takan gama shafi guda kafin malami ya gama gaisuwa. Kwamfutar da ta gaji tafiretar ita ma ta tsufa a hannunta. Sai a kunna ta, Anti ta share tebur, ta jera fayil, ta gaisa da kowa, sannan kwamfutar ta farka tana gurnani.

A 'yan shekarun nan aiki ya fara kwana a teburin. Wasiƙar minti goma sai ta ci arba'in. Duk wanda ya leƙo, amsa ɗaya yake samu: "Ka dai ga injin nan, sai haƙuri." Gaskiyar kuwa, sanyin ƙashi ne ya kama mata yatsu, kuma ba wanda ta gaya wa. Saura shekara biyu ta yi ritaya, babban tsoronta kada a sallame ta kafin lokacin.

Sabon shugaban makarantar mutum ne mai zafin nama, jira ba ya cikin halinsa. Ya sayo sabuwar kwamfuta, ya kira mai gyara, ya sa aka jera su biyun gefe da gefe don kowa ya ga bambanci. Mai gyara kuwa dama akwai son bayani.

"Ranka ya daɗe, abin yana ga furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin. Ta tsohuwar nan kamar hannu biyu ce, ta sabuwar takwas. Ga ta ba ta zafi, ba ta shan wuta."

Aka kunna su tare. Sabuwar ta buɗe kafin shugaba ya gyara zama, tsohuwar tana can tana tunani. Aka buɗe jadawalin sakamakon ɗalibai dubu, tsohuwar ta sake shan kunya. Shugaba ya washe baki.

"To Anti, bismillah. Ga wasiƙar iyayen yara, a nuna mana gudu."

Ta zauna gaban sabuwar. Da ta taɓa harafi ya fito, ba gurnani, ba tsayawa, ba abin da za ta nuna ta ce ga shi. Minti talatin da takwas wasiƙar ta ci.

Mai gyara ya daɗe da sanin inda matsalar take. A bugun wasiƙa, tsohuwa da sabuwa duk zaman jiran yatsa suke yi, ƙarfinsu kaɗan ake taɓawa. Tausayi ya kama shi, ya sosa ƙeya.

"Ai madannan ne, ranka ya daɗe. In suna sababbi akwai tauri, sai sun..."

"Bari, ɗan nan," in ji Anti. "Kada ka yi ƙarya saboda ni."

Ta shimfiɗa hannuwanta a kan tebur. Gaɓoɓin sun kumbura, yatsu biyu sun karkace.

"Yallaɓai, ba injin ba ne. Shekara uku ina ɗora masa laifi don ba shi da bakin magana. Da yatsu huɗu nake bugawa."

Ba ta taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ta sunkuyar da kai tana jiran hukunci.

Shugaba ya ɗauki wasiƙar, ya karanta ta har ƙasa, bai ga kuskure ko ɗaya ba.

"Sakamakon bara ma, haka kika buga shi?"

"Duka, yallaɓai."

Ya daɗe yana kallon hannuwan. Can sai ya jawo kujera.

"Matsa min, Anti. Akwai wasiƙa ta biyu, ki faɗa in buga. Kullum aka fita hutun tara zan zo mu rage, har lokacinki ya cika. Ba inda za ki."

Ya duƙufa yana laluben haruffa da yatsa ɗaya, abin tausayi, mutumin da ya shigo neman gudu. Anti ta share ido da bayan hannu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Miƙe bayanka, yallaɓai. A nan ba a bugu a sunkuye."