Sandar Yayan Mang Isko

Jama'a, wannan labarin ba ji na yi a bakin wani ba, a jikina ya faru, da rana tsaka, kuma wallahi tallahi ban ƙara masa ko gishiri ba. A farkon shekarun casa'in ne, lokacin ina zaune a unguwar Tremont cikin Bronx a Amurka, ina aikin tura marasa lafiya a wani asibiti, daga ɗaki zuwa wajen hoto, daga wajen hoto zuwa tiyata, haka nan har ƙafa ta ce ta gaji. Nas-nas 'yan ƙasar Filifin kuwa a asibitin nan sun fi a ƙirga, kuma a cikinsu akwai wata mai suna Luz da muke shiri, mace mai kirki sai dai faɗa.

Mahaifinta, Mang Isko, a kan keken marasa lafiya na fara saninsa. Mang ɗin nan a wajensu kamar mu ce Malam ne ko Baba, ni dai Baba nake ce masa. Ciwon suga ya fara cin idonsa, ina tura shi wajen likitan ido, kawai sai tsohon nan ya damƙi wuyan hannuna, kai ka ce da filaya aka kama ni, ya ce wannan hannun asararsa ake yi a tura gado. Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce in zo ranar Lahadi wani filin shaƙatawa kusa da gidansu a Parkchester. Ni kuwa gwauro ne a lokacin, Lahadi ba abin da nake yi sai wanki da kewar gida, sai na je.

Abin da yake koyarwa shi ne wasan sanda na ƙasarsu, arnis. Sanda ce ta gora, tsawonta kamar kamu ɗaya da rabi, ba nauyi, amma in ta sauka a gwiwar hannunka sai ka tuna sunan kakarka. Ya ce asali da adduna da takubba kakanninsu ke yi, da Turawan Sifaniya suka mallake su suka hana riƙe makami, sai aka ɓoye abin a cikin sanda da rawar biki, uba ya ba ɗa, ɗa ya ba jika. A zamanin da nake ba ku labari an fara mayar da shi wasan gasa, yara su sa hular kariya da rigar soso, alƙali na ba da maki. Na zaci tsohon zai ƙi, amma ina! Cewa yake gara yaro ya sa hula ya riƙe abin da a bar shi ya bi tsofaffi kabari. Burinsa da na Luz ɗaya ne, wasan gidansu ya shiga gasar nuni, inda mutum biyu ke nuna salon gidansu daga farko har ƙarshe, kafin idonsa ya rufe.

To ga inda gizo ke saƙar. Wasan na mutum biyu ne, ɗaya na kai sara, ɗaya na karewa yana mayarwa, kuma mahaifin Mang Isko da gangan ya raba shi, ya koya masa rabi, ya koya wa yayansa rabi, wai don kada 'yan'uwan su rabu. Sai ga shi neman abinci ya raba su, ƙanin ya zo Amurka, yayan ya zauna a ƙauye har ya rasu ba su sake haɗuwa ba. Mang Isko ya riƙe rabin yayan da ka, don ya sha ganinsa a gabansa, shi ne ma yake koya mini, amma ƙarshen ya ɓace masa ɓat. Kullum muka ɗauko, ƙwas ƙwas ƙwas, sai mu zo wani wuri da sandarsa ke saukowa kan kafaɗata ta dama, sai mu tsaya cak kamar an ɗauke wuta. Ya daki goshinsa, ya ce a sake. Wallahi tausayinsa nake ji, don na ga yadda abin ke cin ransa fiye da ciwon.

Ran nan, wata Lahadi da bazara bayan na yi azahar, yara na guje-guje, wasu na gasa nama can gefe, muna cikin yi sai sandata ta tsage. Tsohon ya zauna shan ruwa, Luz ta buɗe jakarsa neman wata, ta zaro ɗaya daga can ƙasa a naɗe cikin tsohon ƙyalle, baƙa wuluk, ta miƙo mini. Ita a Amurka ta girma, ba ta san ta wane ne ba, balle ni, shi kuma ba ya gani sosai. Na ji ta da nauyi, na kuma ji ta da ɗumi kamar yanzu wani ya ajiye ta, amma na ce rana ce.

Muka gaisa da sanda a ƙirji kamar yadda aka saba, muka fara. Har muka zo wurin nan da muke tsayawa, sandarsa ta taho kan kafaɗata, ni dai abin da na sani, ban tsaya ba. Sandar ta koma hannuna na hagu, ni da ko cokali ban iya riƙewa da hagu ba, ƙafata ta ja baya da kanta, jikina ya yi ƙasa, hannun nan ya shiga yin abin da ba wanda ya taɓa koya mini. Ina gani, ina ji, hankalina garau, amma kamar fasinja nake a jikina. Ga wani wari da ya cika mini hanci, man kwakwa da taba gari. Ina son in ce a'uzubillahi, harshe ya ƙi. Tsohon kuwa da ƙyar yake hawa bene, sai ga shi yana amsa kowane sara kamar saurayi, hawaye na zuba, har dai na ji wuyan hannuna ya juya, sandarsa ta yi sama ta faɗa cikin ciyawa. Sannan na ji dariya ta fito daga maƙogwarona, gajeriya, ta tsoho mai shan taba, ba tawa ba.

Mang Isko ya ce, "Kuya?" Wato yaya da harshensu.

Na saki sandar, na zube ina salati. Ya laluba ya ɗauke ta, yana shafa zanen da ke jikinta sai ya zauna daɓas. Nan ya gaya mana ta yayansa ce, kuma yayan bahago ne. A al'adar gidansu da sandar mutum ake binne shi, ba mai sake riƙe ta, amma matar yayan ta aiko masa da ita don ya rage kewa, shi kuma ya kasa rabuwa da ita, kullum tana ƙasan jaka. Luz ta yi ta ba ni haƙuri tana kuka. Aka ce in maimaita abin da na yi, wallahi ko motsi ɗaya ban iya tunawa ba.

Na daina zuwa. Na samu wani malami Bazazzagi a masallacinmu na Tremont na zayyana masa komai, ya ce, "Ɗan'uwa, mamaci ba ya dawowa, wannan mun sani. Abin da ya riƙe hannunka kuwa ni ban san shi ba, kai ma ba ka san shi ba, to kada ka sake ba shi aro." Ya ba ni addu'o'i na riƙe.

Bayan 'yan makonni Luz ta tare ni a wajen aiki ta ce babanta na nemana, jiki ya yi tsanani. Na hau jirgin ƙasa mai lamba shida na je. Na same shi a kujera ya rame, sandar na kan cinyarsa. Ya ce komai ya dawo masa, ya ma koya wa Luz da wani ɗalibinsa, saura abu ɗaya, juyin ƙarshe da ya raba shi da sandarsa. Bai gani ba, ido ba kyau ga hawaye, ji kawai ya yi hannunsa ya zama wayam. Ya miƙo mini ita da hannu biyu.

"Ɗana, sau ɗaya kawai. Luz za ta tsaya ta kalla."

Na ce, "Baba, ka tambaye ni komai zan yi maka, ban da wannan. Tsoro nake ji, kuma addinina bai ba ni ba."

Bai yi fushi ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya mayar da ita cinyarsa ya ce ya gane, ya sa aka kawo mini shayi, muka yi hirar sanyi da tsadar haya. Kafin hunturu ya fita ya rasu, aka binne shi da sanduna biyu, tasa da ta yayansa. Ko yau aka sake tambayata amsar da zan bayar ke nan, amma ƙarya nake in na ce abin ba ya damuna.

Shekarar da ta biyo Luz ta gayyace ni gasa a ɗakin wasannin wata makaranta a Queens. Ita da ɗalibin nan suka fito da fararen kaya, suka yi wasan gidansu tsaf, har suka zo dab da juyin ƙarshe suka tsaya, suka gaisa, jama'a suka ɗau tafi, alƙalai suka rubuta maki, kowa ya ɗauka a nan wasan ya ƙare. Ni ina can saman benci, ba sanda, ba komai a hannuna, sai na ji wuyan hannuna na hagu ya fara juyawa a kan cinyata, a hankali, ba ni na sa shi ba. Na danne shi da dama, na zauna a kansa, ina karanta duk abin da ya zo bakina har ya lafa. Luz ta ɗago tana nemana cikin mutane tana murmushi, na ɗaga mata hannun dama.

Ban taɓa gaya mata ba, ban kuma sake zuwa kallon wasan ba. Ban san mene ne ba, ban kuma son in sani. Shawarata dai, in aka miƙo muku kayan aikin wani a ƙasar da ba taku ba, ku tambayi mai shi kafin ku rufe hannu a kai. In kuma akwai tsoho a gidanku da ya san wani abu, ku je ku tambaye shi yau, da bakinsa, tun yana iya ba ku amsa.