Hannun da Yaya Ya Miƙa

A gidanmu na Umdurman ba a taɓa cin abinci cikin kwanciyar hankali ba. Da na ajiye wa maza siniya, babban tiren abincin nan, sun kewaye ta, sai musun nan ya tashi: wane irin faɗa ne ke ceton mutum a titi? Baba ɗan dambe ne tun yana tsinkar auduga a Jazira, a wurinsa duk abin da ba naushi ba wasan yara ne. Babban yayana ɗan kokawa ne. Duk Juma'a yana haye gada zuwa Bahri, inda 'yan Nuba ke da fili, ya dawo da ƙasa har cikin kunne. Mai bi masa kuwa ya shiga kulob ɗin kareti a Khartum, ya samo farar riga da ɗamara, yana ihu yana sarar iska a tsakar gida har kaji suka daina kula shi.

"Kai da sai ka tuɓe takalmi ka rusuna," in ji Baba ga ɗan kareti, "kafin ka ɗago an zubar maka da haƙora."

"Yaba, kai ma kafin ka gama naɗe hannu da zare, ai zol ɗin, abokin faɗan naka, ya kai gidansu!"

Yaya, wato babban, ba mai cika baki ba ne. Murmushi yake yi, ya ce duk faɗa a riƙo yake ƙarewa, wanda ya iya kayarwa kuma ba ya bukatar fitar wa kowa jini. Ni ce auta, mace, ba mai tambayata, amma shi nake goyon baya. Ya taɓa tafiya da ni filin, na ga al'adarsu: in ka kayar da mutum ba ka tafiya ka bar shi. Sai ka sunkuya ka ba shi hannu, ka tashe shi, ka kaɗe masa baya. Abin ya burge ni ƙwarai. Na ɗauka haka duniya take, sakarya da ni.

Inna ba ta taɓa sa baki a musun ba. Shayi take sayarwa ƙarƙashin wata darbejiya a gefen kasuwa, da na bar makaranta nake zama tare da ita. A shekarun nan da sojoji suka karɓi mulki, kasha ce ta addabi masu shayi: mota ta tsaya, a kwashe murhu da kujeru da kofuna, wani lokaci har da matan. Kunne shi ne makamin Inna. Tun daga nesa take gane kukan motar, ta zube kofuna a bokiti, mu shige lungun bayan masallaci.

Ranar da abin ya faru a ƙafa masu kashar suka zo, cikin kayan gida. Yayyena duka biyu suna zaune suna shan shayi. Wani siriri mai tabarau ya sa ƙafa ya hamɓare murhun, tafasasshen ruwa ya watsu wa Inna a ƙafafu, sannan ya fizgi mayafinta. Ɗan kareti tuni ya bi lungu, domin samari ma kama su ake a kai su aikin soja. Ban taɓa ganin laifinsa ba. Ya fi mu hankali.

Ban ma ga lokacin da Yaya ya miƙe ba. Sai dai na ga mai tabarau a kwance rigingine, tabarau ɗin can gefe. Sauran abokan aikinsa suna can nesa suna fama da wata tsohuwa, lungu kuma ga shi a buɗe. Mata suka shiga ihu, "Ajri! Gudu, ya walad!" Yana da lokaci, wallahi yana da lokaci.

Sai ya sunkuya ya miƙa masa hannun dama.

"Malesh, yi haƙuri," in ji shi. "Tashi."

Mutumin ya kama hannun da hannu biyu, ya ƙanƙame, ya ƙwala wa 'yan'uwansa kira.

Suka tafi da Yaya. Mun sha yawon nemansa. Inna da ƙafafu a naɗe, ni da kwanon abinci, daga wannan ofis zuwa wancan, Umdurman, Khartum, Bahri. Ko'ina sai a ce ba a san shi ba. A wata taga wani ya tambaye mu ko Fallata ma, yadda suke kiran mu Hausawa a can, sun fara dukan hukuma. Ranar na haɗiye maganar da har yau take ci mini rai.

Sai da damina ta wuce ya dawo. Yatsunsa na dama sun kanannaɗe kamar busasshiyar kuɓewa. Abu ɗaya kawai ya gaya mana: sun tambaye shi da wane hannu ya taɓa jami'i, shi kuma ya nuna musu.

Musu ya mutu a gidanmu. Sau ɗaya Baba ya fara, "Da dambe ne, naushi ɗaya ka..." Inna ta ɗago ta dube shi, bai ƙarasa ba. Farar rigar kareti ta koma tsumman goge siniya. Ni kuwa haushin kowa nake ji, har da mutanen filin Bahri da suka koya masa mutunci ba su gaya masa inda ba a yin sa ba.

Yaya bai sake zama a siniya ba. Ba zai sa hagu a kwanon da mutane ke ci ba, ko da Baba ya rantse masa ba komai. Ni nake kai masa nasa ɗakin baya. Wata rana na kasa daurewa, na tsaya da kwanon a hannu.

"Yaya, don Allah me ya hana ka gudu?"

Ya dube ni da mamaki. "Mutum fa yana ƙasa, auta."

Na ajiye masa kwanon, na fita na ja ƙofa, domin na san ba zai fara ci ba sai ya tabbata ba mai ganinsa.