Waken Gonar Bakin Iyaka

Gonar da mahaifinmu ya bar mana tana kudu da ƙauyenmu, a yankin Yekuwa, kuma iyakar ƙasa ta ratsa ta. Mun san da haka tun muna ƙanana, amma bai taɓa damun kowa ba. Mai huɗa yakan fara kunya a Nijar, kafin ya kai ƙarshenta ya shiga Najeriya, ya juyo ya dawo. Babu waya, babu shinge. Ana dai cewa Turawa sun taɓa kafa wani ginshiƙin siminti a wajen, amma rairayi ya daɗe da haɗiye shi.

Yayana ne ke noma gonar. Ni na yi lakwal, wato makarantar boko, aka ba ni aikin koyar da manya karatu da rubutu a Magariya, sai ƙarshen mako nake leƙa gida. Ya girme ni da shekara tara, mutum ne marar yawan magana, kuma tun da na fara cin albashin gwamnati ya daina kirana da sunana, sai Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal da Faransanci. Ban taɓa tantancewa ba ko girmamawa ce ko ba'a.

Bayan babban farin nan, gyaɗa ta ƙi mu. Daminar da muka sa rai za ta farfaɗo, cuta ta nannaɗe ganyenta tun tana ƙarama. Mutane suka koma wake. Wake kuwa kasuwarsa tana kudu, can ake cinsa, can yake daraja. Sai ga doka daga sama cewa ba mai fitar da wake ƙasar waje sai kamfanin gwamnati, manomi ya kai nasa can a saya a kan farashin da aka yanka. A watannin nan kuma rediyo ba ta da zance sai na wata takarda da manyan ƙasashe suka sa wa hannu, wai don a sauƙaƙa wa ƙasashe matalauta ciniki, a buɗe wa kayansu ƙofa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, dattawa suka tsare ni in fassara musu wannan zance, tun da ni ke jin Faransanci. Na yi iya ƙoƙarina. Na ce alheri ne, kayanmu za su shiga kasuwannin duniya ba tare da an ɗora musu kuɗin fito ba. Yayana yana gefe yana gyaran igiya, bai ɗago kai ba ya ce, “Mushe, kasuwannin duniya za a buɗe mini, amma wadda nake hango rumfunanta daga gonata an rufe?”

Aka yi dariya. Wani tsoho ya ce ruwa ba ya tsami banza, duk ranar da ka ji mai ƙarfi na cewa zai taimaki marar ƙarfi, ka duba abin da ke hannunka. Na ji haushi, na kare takardar da ban taɓa gani da idona ba.

A kakar nan yayana ya sami wake mai kyau, fari, manyan ƙwaya. Ya roro shi, ya kawo gida aka sussuka aka sheƙe. Yana da wani abokin ciniki a wani ƙauye da ke ƙetare, Alhaji ne mai sayen hatsi, sun daɗe tare. Suka shirya ranar Alhamis zai kai masa. Bai bi babbar hanya ba. Ya ɗora buhunan a amalanke da hantsi, ya bi hanyar gona kamar mai kai taki.

A gindin gawon da ke bakin gonarmu ya tarar da 'yan duwan biyu, masu tsaron kaya a kan iyaka. Sun jingine kekunansu, sun shimfiɗa tabarma, har sun dafa shayi sun sha. Wannan shayin ne ya tsaya wa yayana a rai. Wanda ke sintiri ba ya zama ya hura gawayi. Jiran sa suke yi, sun san rana, sun san hanya. Suka kora amalanken zuwa ofishinsu, aka sauke buhunan a mangaza, ɗakinsu na ajiyar kaya, aka kulle, aka sallame shi da shanunsa da wata 'yar takarda.

Da labari ya iske ni na hau keke na taho. Na tarar da shi zaune a zaure. Na gaishe shi, ya amsa da ƙyar. Ya miƙo mini takardar, na karanta masa. Sai ya ce, “Mutum huɗu suka san ranar. Ni, da Inna, da Alhaji, da kai.”

Na ce, “Yaya, me kake nufi?”

Ya ce, “Ban nufi komai ba. Lissafi na yi. Da ɗan gari akan ci gari.”

Abin da ya hana ni buɗe baki da ƙarfi shi ne wannan: ɗaya daga cikin 'yan duwan nan ɗalibina ne. Wani dogo ne mai fara'a, yana zuwa ajina da yamma don yana son ya iya rubuta wa iyalinsa wasiƙa. A makon nan mun tsaya hira bayan darasi, ya tambaye ni lafiyar gida da yadda kaka ta yi. Na tuna na ce masa wake ya yi albarka bana. Ko na ƙara da wani abu? Ko na ce ba zan je gida ba sai bayan Alhamis, don yayana na da tafiya? Na juya hirar nan a kaina ya fi a ƙirga, ban iya rantsuwa ba.

Don in sami sauƙi, sai na ɗora zargin a kan Alhaji. An san kayan da aka kama akan yi gwanjonsu da arha, kuma ana raɗe-raɗin yana da yaran da ke saye. Na faɗa wa yayana haka. Ya ce shekara goma sha suna tare, bai taɓa cutarsa da ko tiya ɗaya ba. Amma na lura daga ranar ya daina zuwa gaishe shi. Alhaji kuma ya aiko da jaje ta bakin wani, bai zo da kansa ba, mu kuma muka ce biri ya yi kama da mutum. Har maƙwabcinmu na gona, wanda suka taɓa sa-in-sa da yayana kan ɓarnar awaki, ya shiga cikin waɗanda ake kallo. Gida ya zama kowa na magana ƙasa-ƙasa.

Na ƙudura sai na karɓo waken nan, ko don in wanke kaina. Ina nazarin takardar sai wata dabara ta faɗo mini. Doka ta hana fitar da waken Nijar. To, yayana ya shuka gero a arewacin gona, wake a kudanci. In haka ne, waken a ƙasar Najeriya ya tsiro, gida kawai aka kawo shi sussuka. Mai mayar da shi kudu ba fitar da shi ya yi ba, inda ya fito ya mai da shi.

Na sa rigata mai kyau, na tafi da yayana wurin shugaban 'yan duwan ɗin. Dattijo ne mai furfura, ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, “Wake ya kwana a rumbun Nijar, matan Nijar suka sussuka shi, amalanken Nijar ya ɗauko shi. A wurina ɗan ƙasa ne.”

Na kawo masa zancen takardar da rediyo ke faɗa, na ce ai an ce akwai hanyar sasanta rigimar ciniki. Ya cire tabarau ya dube ni, ba da wulaƙanci ba, ya ce, “Malam, waccan tsakanin gwamnati da gwamnati ce. In ƙasa ta ga an cuce ta, ita ke kai ƙarar 'yar'uwarta. Kai ƙasa ne? Yayanka ƙasa ne?” Ya ce iyakar abin da zai iya shi ne ya dakatar da gwanjo, ya tura maganar gaba.

Da muka fito yayana ya tambaye ni abin da muka faɗa, don rabin hirar da Faransanci aka yi. Na gaya masa duka. Ya ce, “Kun dai yi dariya sau biyu.” Ban tuna mun yi ba, amma ban musa ba.

Magana ta je gaban kwamanda, babban jami'in gwamnati mai mulkin yankinmu. Shi kuma ya ce abin ya shafi iyakar ƙasa, ba zai yanke shi kaɗai ba, sai ya rubuta Damagaram. Aka ce Damagaram ta rubuta Yamai. Sanyi ya wuce, bazara ta shigo. Duk ranar kasuwa nakan je biro, wato ofis, in tambaya, a ce amsa ba ta zo ba. Na roƙi a bar mu mu shanya waken ko mu zuba masa toka, aka ce kayan da ke hannun shari'a ba a taɓa shi. Mutanen ƙauye suka fara cewa da gangan ake jan lokaci, wasu na cewa an riga an sayar da waken, buhunan rairayi ne a mangaza. Ni kaina na fara yarda.

Ana dab da damina sai ga saƙo cewa za a zo a duba gona. Suka zo da mota guda: kwamanda, da shugaban duwan, da wani jami'i daga ƙetare mai doguwar hula, da mai garinmu da mai garin ƙauyen kudu. An zo da taswira, amma taswirar ta dogara da ginshiƙin da ba wanda ya gani shekara da shekaru. Aka kira dattawa. Tsohon kudu ya nuna can arewa kusa da gawo, namu ya nuna can kudu bayan wata tsohuwar rijiya. Kowane ɓangare na ganin an saye tsohon ɗaya ɓangaren. Aka haƙa nan, aka haƙa can, rana ta take, ba komai. Jami'in ƙetare ya fara duba agogo.

Inna ta zo da ƙwaryar fura don baƙi. Ta tsaya nesa ta ga ana ta tono, ta yafito ni ta ce, “Wai me suke nema?” Na gaya mata. Ta ce, “Dutsen Bature? Ai a kansa nake ajiye wa babanku abinci, don tururuwa. Ga shi can, tsakanin sabarar nan biyu.”

Na faɗa wa kwamanda. Mai garin kudu ya ce uwar mai ƙara ba ta shaida. Kwamanda ya ce ba shaida za ta yi ba, wuri za ta nuna, in babu komai an huta. Ta tafi a hankali, ta tsaya, ta buga ƙafa. Ba a yi haƙa kamu uku ba fartanya ta yi ƙara. Ga siminti, da lamba a jikinsa.

Aka ja igiya daga nan bisa yadda taswira ta nuna. Karan gero da ragowar harawa suna nan, kowa na ganin inda aka shuka me. Kashi biyu cikin uku na wurin waken ya faɗa kudu. Manyan suka koma inuwa suka yi shawara, suka yanke cewa a sakar wa yayana kashi biyu, kashi ɗaya ya zama na gwamnati, ba tara. Kwamanda ya ba ni hannu ya ce na iya magana. Na dubi yayana ina jiran ya ce wani abu. Yana kallon mai garin kudu, wanda ke taka gonar yana auna ta da ido.

Kwana uku bayan haka muka je da amalanke. Aka buɗe mangaza. Buhunanmu ne, ɗinkin yayana ne, ba wanda ya taɓa su. Na ji kunyar zargin da na yi. Amma tun daga ƙofa muka ji wari. Yayana ya soka hannu a buhun farko ya ɗebo, ƙwari suka watse a kan damtsensa. Kowace ƙwaya ta huje, rabi ya zama gari. Shugaban duwan ya tsaya yana girgiza kai, ya ce Allah ya mayar da alheri. Muka kwaso muka kawo gida. Inna ta tankaɗe abin da zai tankaɗu, sauran aka ba tumaki.

Kafin shuka, mai garin kudu ya aiko cewa tun da an tabbatar yawancin gonar a ƙasarsa take, sai a riƙa kai masa gaisuwar kaka kamar kowa. Yayana ya ce da ni, “Ka ga abin da tononka ya tono.” Bai ƙara ba. Da kaka ta zagayo ya gina ɗan rumbu da masussuka a ƙarshen gonar ta kudu, waken bai sake shigowa gida ba. Ya sami wani mai saye, ba Alhaji ba.

Dogon ɗan duwan nan ya ci gaba da zuwa ajina har ya iya rubutu. Na yi watanni ina kallonsa yana lanƙwasa baƙaƙe a kan allo, ina son in tambaye shi, ina jin tsoron amsar. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ya zo sallama, na raka shi bakin hanya, na daure na ce, “Don Allah, ranar nan a gindin gawo, wa ya gaya muku?”

Ya ce, “Malam, mu ƙanana ne. An ce mu je mu zauna a wuri kaza, muka je.”

Na ce, “Ba daga bakina ka ji ba?”

Ya yi murmushi ya ce, “Haba Malam.” Ya hau kekensa ya tafi.

Na kai wa yayana wannan magana yadda take, ban ƙara ba ban rage ba. Yana ɗaure wa ɗaya daga cikin shanunsa igiya, ya saurara, ya ce to, Allah ya sani. Sa'an nan ya ce in riƙe masa ɗaya san, za mu kai su rijiya.